Yahudawa a Tarihin Kirista da Zancen Ƙarshen Zamani: Tambayoyi da Amsoshi

Duk sa'ad da wuta ta tashi a Gabas ta Tsakiya, ajinmu na nazarin Littafi Mai Tsarki yakan cika maƙil. Wanda rabonsa da zuwa tun Kirsimeti sai ka gan shi a bencin gaba, waya a hannu, yana so a gaya masa ko wannan ne yaƙin da annabi Ezekiyel ya faɗa. Maƙwabtana Musulmi ma sukan tare ni a majalisa da nasu tambayoyin. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa. Ni Kirista ne, kuma inda na bar tarihi na shiga ra'ayina, zan faɗa.

Da gaske Yesu Bayahude ne?

Ƙwarai kuwa, ba ma shi kaɗai ba. An yi masa kaciya rana ta takwas kamar yadda Luka 2:21 ya nuna, yana shiga majami'ar Yahudawa ran Asabar, yana hawa Urushalima don Idin Ƙetarewa. Uwarsa Maryamu, da Bitrus, da Yakubu, da Yahaya, duk Yahudawa ne. Bulus da ake kira manzon al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, ya bugi ƙirji ya ce shi Ba'isra'ile ne daga kabilar Biliyaminu, kuma Bafarisiye. Rigimar farko da ta so raba ikkilisiya ita ce ko wanda ba Bayahude ba zai iya shigowa ba tare da kaciya ba. A kan haka aka yi zaman Urushalima na Ayyukan Manzanni sura 15, wajen shekara ta 49. Wato da farko mu ne baƙin da ake shawarar ko a buɗe wa ƙofa.

To yaya aka yi aka raba gari?

A hankali, cikin ɗaruruwan shekaru. A shekara ta 66 Yahudawa suka yi wa daular Rum tawaye, a ta 70 Titus ya ci Urushalima ya ƙone Haikali. Har yau a birnin Rum akwai wata ƙofar dutse da aka gina don tunawa da nasararsa. A jikinta an sassaƙa sojoji sun saɓo alkukin Haikali mai rassa bakwai a kafaɗa, suna shiga gari da shi kamar ganimar kasuwa. Masu bin Yesu suka ce ai ya faɗa, ba dutsen da za a bari a kan ɗan'uwansa. Malaman Yahudawa kuwa suka koma suka sake kafa addininsu a kan Attaura da addu'a da majami'a, tun da ba sauran bagadin hadaya.

Tawaye na biyu, na Bar Kokba, ya fara a 132. Babban malaminsu Akiba ya ce wannan jarumi shi ne Almasihu, kuma Bayahuden da ya riga ya gaskata da Yesu ba zai iya bin tutar wani almasihu ba. Da aka murƙushe tawayen a 135, Sarki Hadiriyan ya hana Yahudawa shiga Urushalima, birnin ya koma da sunan Rumawa. Kafin nan al'ummai sun riga sun rinjayi Yahudawa yawa a ikkilisiya. A taron Nikiya na 325 aka ɗauki hanyar raba lissafin Ista da kalandar Yahudawa.

Amma hukuncin manya daban, zaman talakawa daban. A 386, a Antakiya, garin da aka fara kiran almajirai Kirista, mai wa'azi Yohanna Kirisostom ya fara jerin huɗubobi takwas masu zafi a kan Yahudawa. Abin da ya tunzura shi kuwa shi ne 'yan cocinsa suna zuwa majami'ar Yahudawa lokacin idi, suna azumi tare da su. Shekara 350 bayan gicciye, maƙwabta ba su gama rabuwa ba. Kalaman da ya yi don ya tsare garkensa su ne aka yi ta kwafa har ƙarnuka bayansa, a wuraren da Yahudawa ba su da ƙarfin ramawa.

Wa ya kashe Yesu, Yahudawa ko Rumawa?

Linjila ta ce wasu shugabannin firistoci ne suka kama shi suka miƙa shi, gwamnan Rum Bilatus ya yanke hukunci, sojojin Rum suka buga ƙusa. Gicciye horon Rumawa ne, na Yahudawa jifa ne, kamar yadda aka yi wa Istifanas. A shaidar bangaskiya ta manzanni da muke karantawa ran Lahadi, sunan mutum ɗaya aka ambata a wannan gaɓa, Bilatus Babunti.

Masifar ta fito ne daga yadda aka karanta Matiyu 27:25, inda taron da ke gaban Bilatus suka ce alhakin jininsa a kansu da 'ya'yansu. Aka ɗauki ihun wasu mutane a tsakar gida ɗaya, da safiya ɗaya, aka rataya wa al'umma guda har abada. Tun wajen 170 wani bishop, Melito na Sardisu, ya yi wa'azi cewa Isra'ila ta kashe Allah. Da wannan magana aka riƙa jifan gidajen Yahudawa a Turai a makon Ista. Alhali koyarwar Kirista kanta ta ce ya mutu ne saboda zunuban duniya, kuma ya ba da ransa da kansa. In haka ne, mai neman wanda ya jawo gicciye ya fara duba madubi.

Mece ce koyarwar maye gurbi?

Ita ce cewa Allah ya sallami Isra'ila saboda sun ƙi Almasihu, ikkilisiya ta gaje alkawuran, su kuma aka bar su da la'anonin. Justin Shahidi ya rubuta wajen 160 cewa Kirista su ne Isra'ila ta gaskiya. Wani Markiyon ya wuce nan, ya ce a yar da Tsohon Alkawari ɗungurungum, Allahn Yahudawa daban da Uban Yesu. Ikkilisiyar Rum ta kore shi a 144. Aka riƙe littafin Yahudawa, amma aka ci gaba da ture masu littafin.

Mai son ganin koyarwar da ido ya duba babban cocin Strasbourg a Faransa. Akwai mutum-mutumin mata biyu da aka sassaƙa wajen 1230. Ɗaya ikkilisiya ce, da kambi a ka, tana tsaye ƙyam da sandar gicciye. Ɗayar majami'ar Yahudawa ce, an ɗaure mata ido da ƙyalle, kai a sunkuye, mashinta ya karye, allunan Shari'a suna sulluɓewa daga hannunta. Manomin da bai iya karatu ba, da ya ɗaga kai ya gama ɗaukar darasi.

Ba Bulus ne ya koyar da haka ba?

Akwai ayoyin da ake kafa hujja da su, irin Galatiyawa 3:28-29 da ta ce ba Bayahude ba Baheleni, duk na Almasihu zuriyar Ibrahim ne. Amma inda Bulus ya zauna ya yi maganar da gangan shi ne Romawa sura 9 zuwa 11. Ya yi tambaya ko Allah ya yar da jama'arsa, ya amsa da a'a mai ƙarfi. Sai ya kawo misalin zaitun.

Duk wanda ya taɓa yi wa mangwaro aure zai gane. Ka yanko reshen iri mai kyau, ka fere bakinsa, ka tsaga jikin ƙaramin itace, ka cusa, ka naɗe da leda. Reshen nan ba shi da saiwar kansa, abin da gindi ya turo shi yake sha. Sai dai Bulus ya juya abin: reshen zaitun na jeji aka ɗora a kan na gida, aikin da manomi mai hankali ba zai yi ba. Mu al'ummai mu ne reshen jejin. Ya ce kada ka yi wa rassan da aka sare alfahari, ba kai ke ɗauke da saiwa ba, saiwa ce ke ɗauke da kai. Ya ƙara da cewa taurin zuciya ya sami wani sashe na Isra'ila har al'ummai su gama shigowa, sa'an nan Isra'ila duka za ta sami ceto, don Allah ba ya janye baiwarsa da kiransa.

Wannan “Isra'ila duka” ta 11:26 ita ce ƙashin da malamai suke gwagwiya har yau. Kalbin, babban malamin gyaran addini, ya ce jama'ar Allah ce baki ɗaya, Yahudawa da al'ummai. Wasu sun ce duk Yahudawan da suka gaskata ne cikin zamanai. Mafi yawan masu sharhi na yanzu sun ce babbar juyowa ce ta Yahudawa kusa da ƙarshe. Kowanne ka ɗauka, gargaɗin a bar alfahari bai da wuyar fassara, kuma shi aka fi takewa.

Wane irin hali Yahudawa suka shiga a ƙasashen Kirista?

Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya shimfiɗa ƙa'idar da aka bi shekaru aru-aru. Ya ɗauko Zabura 59:11, inda aka ce kada ka kashe su, ka dai warwatsa su. A ganinsa a bar Yahudawa da rai, a warwatse, a ƙasƙance, suna ɗauke da littattafan annabawa don su zama shaida cewa Kirista ba su ƙirƙiri annabcin ba. Wannan ra'ayi ya ceci rayuka. A 1146 Bernard na Clairvaux ya yi amfani da ayar ya tsayar da wani mai wa'azin kisa a Jamus. Amma ka lura da abin da ya mai da Bayahude: allon sanarwa a bakin hanya.

Sauran kuwa jerin baƙin ciki ne. A 1096 mayaƙan gicciye na farko, tun ba su bar Turai ba, suka karkashe ɗaruruwan Yahudawa a Worms da Mainz. A 1144 a Norwich ta Ingila aka fara ƙazafin cewa suna yanka yaran Kirista. Taron Lateran na 1215 ya sa su sa tufafin da za a gane su. Ingila ta kore su a 1290. Da annoba ta ci Turai a 1348 aka ce su suka zuba guba a rijiyoyi, Fafaroma Kilemen na Shida ya fitar da takarda yana cewa ai su ma annobar tana kashe su, ba a saurare shi ba. A 1492, shekarar da Garnaɗa ta faɗi, Ferdinand da Isabella suka ce kowane Bayahude a Sifen ya karɓi baftisma ko ya fita. Da yawa suka nufi Maroko da daular Usmaniyya. A 1516 Venis ta killace su a unguwa mai ƙofa da ake kullewa da dare, daga nan kalmar geto ta fito.

Martin Luther fa? Na ji an ce ya kare su.

Ya kare su a 1523, ya ce da shi Bayahude ne ya ga yadda Kirista suke yi da su, da ya gwammace ya zama alade da ya zama Kirista. Yana sa ran da an gyara wa'azi za su shigo. Ba su shigo ba. A 1543 ya rubuta a ƙone majami'unsu, a rushe gidajensu, a ƙwace littattafansu, a hana malamansu koyarwa. A daren 9 ga Nuwamba 1938, wayewar garin ranar haihuwar Luther, majami'un Yahudawa suna ci da wuta a faɗin Jamus, wani bishop mai suna Martin Sasse ya tattara waɗannan kalamai ya buga yana murna. Aƙidar Nazi, wato ta jam'iyyar Hitler da ta hallaka Yahudawa miliyan shida, ta jinsi ce, ba daga coci ta fito ba, kuma akwai Kirista irin Dietrich Bonhoeffer da iyalin ten Boom na Holan da suka biya da rayukansu. Duk da haka, mutum miliyan shida ba sa hallaka a tsakiyar nahiyar da ta yi baftisma sai in an daɗe ana share fili.

Coci ta taɓa janye waɗannan maganganu?

Ta janye. Wani masanin tarihi Bayahude ɗan Faransa, Jules Isaac, wanda aka kashe matarsa da 'yarsa a sansanin kisa na Nazi da ke Auschwitz, ya gana da Fafaroma Yohanna na 23 a 1960 ya kai masa ƙorafi. Ranar 28 ga Oktoba 1965 babban taron Vatican na Biyu ya fitar da sanarwar Nostra Aetate: ba za a ɗora mutuwar Yesu a kan dukan Yahudawan wancan lokaci ko na yau ba, kuma kada a nuna su a matsayin la'anannu. A 1986 Yohanna Bulus na Biyu ya shiga babbar majami'ar Yahudawa ta Rum ya kira su yayye. Babbar ikkilisiyar Lutheran ta Amurka ta barranta da kalaman Luther a 1994.

Yaushe aka juya daga ƙi zuwa so, har ana cewa sai sun koma ƙasarsu Yesu zai dawo?

A Ingila abin ya tsiro. Masu tsattsauran gyaran addini na ƙarni na 17 sun karanta annabawa suka ce alkawarin komowa na Yahudawa ne na jini. Wani malamin Yahudawa daga Amsterdam, Manassa ben Isra'ila, ya je wa Cromwell, mai mulkin Ingila a lokacin, a 1655 da hujja mai wayo: ba za a tattaro su ba sai sun warwatsu har ƙarshen duniya, Ingila kuwa ita ce ƙarshen duniya, don haka a bar su su shigo. Daga 1656 suka fara dawowa.

Wanda ya ɗinke tsarin da muka sani yau shi ne John Nelson Darby, limamin Angilika a Ailan da ya bar cocinsa, ya rasu a 1882. Ya ce Allah yana da jama'a biyu da shiri biyu: Isra'ila ta ƙasa, ikkilisiya ta sama, kuma ba a gauraya su. Ya yi ta zuwa Amurka da Kanada yana koyarwa. A 1909 aka buga Littafi Mai Tsarki mai sharhin C. I. Scofield, inda bayanin ke ƙasan ayoyi a shafi ɗaya, har mai karatu ya manta wanne ne nassi wanne ne ra'ayin Scofield. Tun 1891, shekara shida kafin taron sahayoniya na farko a Basel, wani mai wa'azi William Blackstone ya kai wa Shugaba Harrison takarda mai sa hannun manyan Amurka fiye da 400, a ba Yahudawa Falasɗinu. Da jagoran sahayoniya Theodor Herzl ya je neman goyon bayan Fafaroma Pius na Goma a 1904 kuwa, hannu rabbana ya dawo.

A taƙaice, me tsarin ya ce zai faru?

A makarantar da na yi karatun Littafi Mai Tsarki akwai wani dogon zane a bango, ya kai taku biyar. Gicciye a tsakiya, can gaba kibiya ta tashi sama, sai wani jan akwati da aka rubuta 7 a ciki, sai kibiya ta sauko, sai da'ira mai 1000. Mun haddace shi kamar jadawalin lissafi.

Tushensa Daniyel 9:24-27 ne, bakwai-bakwai saba'in, wato shekara 490. Aka ce 69 sun cika a zuwan Almasihu, sai agogon Isra'ila ya tsaya, zamanin ikkilisiya ya shiga tsakani. Wata rana za a fyauce masu bi, wato a ɗauke su sama su taryi Almasihu, bisa 1 Tasalonikawa 4:17, agogo ya ci gaba. Saura shekara bakwai na babban tsanani. Magabcin Almasihu zai ƙulla yarjejeniya da Isra'ila, a sake gina Haikali, bayan shekara uku da rabi ya warware ta ya zauna a ciki. Yahudawa 144,000 na Wahayi sura 7 za su yi bishara. Rundunoni su taru a Armagedon, wato tudun Magiddo. Yesu ya sauko a Dutsen Zaitun, ragowar Yahudawa su gane shi, ya yi mulki daga Urushalima shekara dubu.

Akwai layin da malaminmu yakan wuce da sauri. Masu tsarin da yawa suna karanta Zakariya 13:8 a kan wannan lokaci, cewa kashi biyu cikin uku na mazauna ƙasar za su hallaka. Ranar da wani ɗan ajinmu ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, ke nan muna addu'a su koma ne don a kashe su?”, ajin ya yi tsit.

Duk Kirista ne suka yarda da wannan?

A'a, kuma ba ma mafi yawa ba. Katolika da Otodoks da Lutheran da 'yan Reformed sun bi Agustin: shekara dubun Wahayi 20 hoto ne na mulkin Almasihu tun daga tashinsa, dawowa kuma sau ɗaya ce. Shaidar bangaskiya ta Augsburg ta 1530 ta ƙi zancen mulkin duniya kafin tashin matattu. Katikism na Katolika ya ƙi shi ma, ko da yake ya riƙe begen cewa Isra'ila za ta gane Almasihu kafin ƙarshe. Wasu kuma sun ce yawancin Matiyu 24 ya riga ya cika a shekara ta 70. Fyaucewa a ɓoye, shekara bakwai kafin dawowa, ba a san ta a matsayin koyarwar wata ikkilisiya ba kafin zamanin Darby.

Ta yaya ta iso mana nan Arewa?

Da ƙafar mishan. Ƙungiyar SIM, wadda Rowland Bingham da abokansa biyu suka fara a 1893 kuma ta haifi ECWA a 1954, ta ɗebo ma'aikata da yawa daga makarantu irin Moody ta Chicago da Prairie ta Kanada, inda wannan koyarwa take da ƙarfi. Su suka koyar da fastocinmu na farko. Cocin Lutheran na Numan da na Reformed na yankin Takum da Wukari gadonsu daban ne a takarda. Amma daga baya littattafan Amurka masu araha, da finafinan fyaucewa da ake haskawa a harabar coci da janareta, da tashoshin tauraron ɗan'adam, sun sa ko'ina ka shiga za ka ji kusan magana ɗaya a bakin matasa.

Kafa ƙasar Isra'ila a 1948 ba cikar annabci ba ce?

Masu cewa e suna nuna Ezekiyel 37, kwarin busassun ƙasusuwa, da sura 36 inda aka fara ambaton tattarowa kafin tsarkakewa. Al'umma ta yi kusan shekara 1,900 a warwatse, ta dawo da harshenta, ta karɓe tsohon birnin Urushalima a 1967. Ba abin rainawa ba ne, ni ma yana ba ni mamaki. Masu cewa a'a suna amsawa da cewa Ezekiyel yana magana ne da bayin da ke Babila, kuma sun koma bayan umarnin Sairus a 538 kafin haihuwar Yesu. Suna ƙarawa da cewa Sabon Alkawari bai yi zancen kafa wata gwamnati ba, kuma ranar murnar wasu ita ce ranar da Falasɗinawa kusan 700,000 suka rasa gidajensu.

Abin da ba gardama a kai shi ne masu lissafin rana sun sha kunya. A 1970 Hal Lindsey ya ce itacen ɓauren Matiyu 24 Isra'ila ce, tsarar da ta ga tohuwarsa ba za ta shuɗe ba kafin ƙarshe, tsara ɗaya kuwa kamar shekara 40 ce. Kowa ya haɗa 1948 da 40. Wani tsohon injiniyan NASA ya buga dalilai 88 da suka sa za a yi fyaucewa a Satumban 1988. Da Satumba ta wuce ya ce ya yi kuskuren shekara ɗaya. Harold Camping ya sa 21 ga Mayu 2011, mutane suka sayar da kadarori. Almajirai ma sun tambayi Yesu ko yanzu zai mayar wa Isra'ila mulki, ya ce sanin lokatai ba nasu ba ne.

Ai Allah ya ce zai albarkaci mai sa wa Isra'ila albarka. Ba dole mu goyi bayanta ba?

Farawa 12:3 ga Ibrahim aka faɗe ta, kuma ta ƙare da cewa ta wurinsa dukan kabilan duniya za su sami albarka. Ƙungiyoyi irin Ofishin Jakadancin Kirista na Urushalima da aka kafa a 1980, da wadda John Hagee ya kafa a Amurka a 2006, sun ɗora ta a kan ƙasar ta yau. Hagee ne ya yi addu'ar rufewa ranar da Amurka ta buɗe ofishin jakadancinta a Urushalima, 14 ga Mayu 2018.

Nawa ra'ayin shi ne annabawan Isra'ila da kansu ba su san irin wannan goyon baya ba. Natan ya tsaya gaban Dawuda ya ce kai ne mutumin. Iliya ya tare Ahab a kan gonar inabin Nabot, rigimar fili ce kuwa. Wanda ya ce ba a tuhumar gwamnati saboda ayar Farawa, ya fi Iliya son Isra'ila ke nan. Ɗaya gefen ma akwai rami. In gwamnati ta yi laifi sai a ce “Yahudawa”, har a bakinmu kalmar Bayahude ta zama zagi ga mai mugun wayo. Yahudawan duniya ba su wuce miliyan 16 ba, fiye da rabi ba sa zaune a Isra'ila, cikinsu akwai masu zanga-zangar adawa da yaƙi, akwai ma masu tsananin addini irin 'yan Satmar da suke ganin kafa ƙasar kafin zuwan Almasihu saɓo ne.

Mene ne zancen Haikali na uku da jar karsana?

Littafin Ƙidaya sura 19 ya ce da tokar jar karsana marar aibi ake tsarkake wanda ya taɓa gawa. Wata cibiya a Urushalima da aka kafa a 1987 tana ƙera kayan Haikali, kuma a Satumban 2022 aka kawo jajayen karsana biyar daga Texas da taimakon Kiristocin Amurka. Matsalar ita ce filin da ake nufi nan Masallacin Al-Aƙsa da Ƙubbatus Sakhra suke. Hukumar manyan malaman Yahudawa ta Isra'ila ma ta hana mabiyanta hawa wurin. Ga Kirista kuwa, wasiƙar Ibraniyawa ta ce an yi hadaya sau ɗaya tak, ta gama.

Wannan ba wasan yara ba ne. Ranar 21 ga Agusta 1969 wani Kirista ɗan Ostareliya, Denis Rohan, ya cinna wa Al-Aƙsa wuta don ya gaggauta dawowar Almasihu. Mumbarin da Salahuddin ya kawo ya ƙone. Kotu ta ce yana da taɓin hankali. Gobarar ce ta jawo taron Rabat da ya haifi ƙungiyar ƙasashen Musulmi.

Su Yahudawan me suke cewa game da wannan soyayya?

Sun rabu. 'Yan siyasa suna maraba da ƙuri'a da kuɗi da masu yawon ziyara. Akwai raha da ake yi cewa in Almasihu ya zo sai a tambaye shi ko ya taɓa zuwa. Wasu kuwa suna cewa wace irin ƙauna ce wadda ƙarshen labarinta ko mu mutu ko mu daina zama Yahudawa? A da an ce a bar su da rai don su zama shaida, yanzu an ce a mai da su gida don su zama hannun agogo. A duka biyun ba a tambayi mutumin abin da yake so ba. Almasihun da suke jira mutum ne daga zuriyar Dawuda da zai kawo salama har a mai da takuba garemani, kuma hujjarsu a kan Yesu ita ce duniya ba ta ga wannan ba tukuna.

Wannan ya yi kama da abin da mu Musulmi muka sani na Dujal da saukowar Annabi Isa?

Akwai kama sosai. Hadisi ya ce Annabi Isa zai sauko a farar hasumiya gabashin Dimashƙa ya kashe Dujal a ƙofar Ludd, garin da ke dab da babban filin jirgin saman Isra'ila a yau. Yajuju da Majuju su ne Gog da Magog na Ezekiyel 38 da Wahayi 20. Bambancin yana kan wane ne mai dawowar: Suratun Nisa'i aya ta 157 ta ce ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, Kirista kuwa suna jiran wanda aka gicciye ya tashi.

Bana zan je ziyara Urushalima. Me zan lura da shi?

Allah ya kai ka lafiya, ka dawo da JP, laƙabin wanda ya ziyarci Urushalima, a bayan sunanka. Za a kai ka Kogin Urdun da Tekun Galili da Dutsen Zaitun, za ka sayo man zaitun da ƙahon rago. Ka roƙi abu biyu da ba sa cikin jadawali. Ran Juma'a da yamma ka tsaya a Bangon Yamma, inda Yahudawa ke addu'a a gindin filin Haikali, ka kalli iyalai suna shigowa tarbar Asabar, uba riƙe da hannun ɗansa, suna rera zaburar da kai ma ka sani. Ran Lahadi kuma ka nemi sujadar Larabci a Baitalami ko Nazarat. Kiristocin wurin Falasɗinawa ne, suna kiran Allah da sunan da kake kiransa, kuma suna ƙirga ikkilisiyarsu tun daga ranar Fentikos. Shugabannin cocinsu huɗu sun sa hannu a wata sanarwa a 2006 suna ƙin koyarwar dogon zanen nan na bangon makarantarmu. A Oktoban 2023 hari ya faɗa harabar cocin Porfiriyus a Gaza, ya kashe mutanen da suka fake a ciki, har da yara. In an tashi sujada kada ka yi saurin komawa mota. Za su ba ka gahawa mai ɗaci a ƙaramin kofi, ka zauna ka tambaye su mutum nawa suka rage a unguwar.